Holin Bakin Ƙofar Kicin

Monbulk, 14 ga Agusta, 1978

Athol,

Ina gaishe ka, ina fatan gwiwar nan ta sassauta maka. Ni na iso lafiya, in ban da aman da na sha a jirgin ruwa tun daga Devonport har muka hango Melbourne. An sama min ɗaki a gidan wata tsohuwa kusa da lambun renon itatuwan da zan koyi aiki. Ɗakin akwai sanyi, amma tana da tsabta kuma ba ta da surutu.

Aiki ya kankama. Mu shida ne muke koyon auren itatuwa da dashen reshe, kuma na girmi kowa da shekara ashirin. Mai lambun, Mista Boersma, Baholande ne, tsoho, ba ya yabon kowa. Ran Alhamis ya duba hannuna ya ce, "Wannan hannun ya san aiki. A ina kika ɓuya?" Na ce a bayan shanun mijina, shekara ashirin da uku.

Na ba shi labarin holina, ɗan itacen nan nawa mai ƙaya a ganye. Na gaya masa yadda na tsinci ɗan reshen a tsohon shingen holi na bayan coci, ganyensa ƙanana, kowanne da farin gefe kamar an tsoma shi a madara. Na ce yanka goma sha biyu na dasa, ɗaya ya rayu, kuma yau shekara tara bai wuce gwiwata ba, ya dunƙule kamar kifaffen kwando. Sai ya ajiye wuƙarsa. Ya ce mai farin gefe akwai shi ko'ina, amma gajere irin wannan bai taɓa gani ba. Yana so ya gani da idonsa in na gama a Disamba. In gaskiya ne, zai yaɗa irinsa ya sa a kasuwa.

To ka ji. Guda ɗaya ne a duniya, yana cikin rabin gangar da ke ƙofar kicin ɗinmu. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in ta bushe ka ba shi bokiti ɗaya. Kada ka matsar da shi daga inda yake samun ranar safe. Kada ka sa masa taki.

Na san na tafi a tsakiyar haihuwar shanu. Da aka kira mu shiga jirgi ka ce min, "Ki je, shanu ba za su lura ba." Na ji ka sarai.

Taka,
Valmai

Ringarooma, 27 ga Agusta

Val,

Na ga wasiƙarki, na ji daɗi da kina lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Sanyi ma haka, jiya sai da na fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da guduma.

Shanu talatin da ɗaya sun haihu, saura sha tara. Mun yi asarar maraƙi ɗaya, na jar nan mai harbi. Ita ta tashi. Ƙanwarki Coral ta kawo min gasasshen naman rago ran Lahadi, ta tsaya ta leƙa kicin ta ce ko alade sai ya nemi a canja masa ɗaki. Na ce ta kawo aladen mu gani.

Ɗan lelenki yana nan lafiya. Kullum in na fito tatsa sai ya kama min ƙafar wando da ƙayarsa, kamar kin bar shi gadi ne. Na tura yatsa yadda kika ce. Ni da nake gane saniya za ta yi ciwo tun kwana biyu kafin ta kwanta, yau an koya min ba da ruwa.

Maganar bakin jirgi, ki bar ta. Gajiya ce.

Athol

Ringarooma, 1 ga Oktoba

Val,

Gaisuwa. Ina lafiya, shanu lafiya, haihuwa ta ƙare, ciyawa ta taso sosai. Na samu wasiƙunki biyu, ban samu zama ba ne.

Ga albishir. Na san kin ce kada a sa taki, amma na duba abin nan na ga shekara tara yana zaune wuri ɗaya kamar maraƙin da uwarsa ta ƙi. Tun farkon watan jiya na ɗebo masa busasshen kashin shanu shebur biyu, na kuma ja gangar zuwa jikin bango saboda iska. Val, da kin ga abin da ya fito! Wani reshe ya taso daga gindi, kore shar, mai kauri, ganyensa ya ninka na sauran sau biyu. Har ya kusa kamo su tsawo. Ki gaya wa Baholanden naki mu ma a nan mun san wani abu.

Athol

Monbulk, 9 ga Oktoba

Athol,

Ina fatan kana lafiya. Ni ƙalau, sai dai yatsuna duk yanka ne.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, sai da na zauna. Wannan koren reshen da kake wa kirari, shi ne tsohon shingen bayan coci yake neman dawowa. Ganyen da babu fari ya fi ƙarfi. In aka bar shi, cikin shekara biyu zai shanye sauran, mu tashi da holi irin na kowa, dogo, wanda tsuntsaye ke shukawa a bakin hanya kyauta. Gajartar da kake tausaya masa ita ce duk darajarsa.

Abu uku na roƙe ka, ka karya biyu. To yanzu ka yi abin da na rubuta kawai, don Allah kada ka ƙara naka, kada ka tsaya tunanin ko ya dace. Ka kwashe takin. Ka mayar da gangar inda take. Ka ɗauki almakashina mai jan hannu, ka yanke koren reshen daga can inda ya fito, kada ka bar ko ɗan kututture. Sauran rassan kuwa, tunda takin zai sa su zarce, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka rage inci huɗu.

Wata magana kuma. Mista Boersma ya ce in zauna har Afrilu, in riƙe masa ɗakin dashe gaba ɗaya. Ban amsa ba. Na ce masa ina da gida.

Valmai

Ringarooma, 22 ga Oktoba

Val,

Lafiya lau muke. Madara ta ƙaru. An yi ruwa kwana uku.

Na yi abin da kika ce.

Maganar aikin nan, ki karɓa. Ki zauna har Afrilun. Ba a matse ake da ke a nan ba, komai yana tafiya daidai. Kirsimeti ma ba sai kin wahalar da kanki a jirgi ba.

Athol

Monbulk, 29 ga Oktoba

Athol,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Na ga layukanka. Ban gane ba. Mutumin da ya yi wata guda yana kumbure-kumbure don zan yi wata huɗu, shi ne yau yake ƙara min wasu huɗun, har da Kirsimeti gyara? In faɗan da na yi maka ne ya yi zafi, ka ce ya yi zafi. Yaya holin? Ba ka ce komai a kansa ba.

Valmai

Monbulk, 19 ga Nuwamba

Athol,

Ban san ko kana lafiya ba, don haka ba zan ce ina fata ba, tambaya nake yi.

Sati uku ke nan. Na buga waya ran Lahadi biyu a jere a lokacin da na san ka shigo cin abinci, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Na kira Coral. Ta ce ƙafarka biyu, hannunka biyu, kana cin abinci. Na ce to me ke faruwa? Ta ce, "Ni dai ba a bakina ba, Val. Ki tambayi mijinki." Coral da ba ta iya riƙe magana daga coci zuwa mota!

Na zauna na yi ta juya wasiƙarka. Ba a matse ake da ni ba. Wataƙila gaskiya ka faɗa. Yara sun tashi sun kama gabansu, shanu ba su lura ba kamar yadda ka ce, kai kuma ka gano gidan ya fi maka daɗi shiru. In haka ne ba zan yi maka kuka a titi ba. Amma shekara ashirin da uku sun isa a gaya min a fili, ba a layi biyu tsakanin madara da ruwan sama ba.

Na gaya wa Mista Boersma zan zauna. Ya ce in ina so, bayan Afrilu ma wurin nawa ne. Wannan ban amsa ba tukuna. Amsarka nake jira.

Valmai

Ringarooma, 23 ga Nuwamba

Val,

Ina lafiya. Wasiƙarki ta zo yau da safe, ban ko cire takalmi ba na zauna rubuta wannan.

Ba abin da kike zato ba ne, ko kusa. Holin ne. Na lalata shi.

Kin ce in bi rassan in rage inci huɗu. Ni abin da na gane shi ne in bar inci huɗu. Na tsaya a kansa da almakashi na fi rabin awa, raina bai so ba. Amma kin ce kada in yi tunani, kada in ƙara nawa, kuma na riga na yi ɓarna sau ɗaya don na ga kamar na fi ki sani. Sai na ɗauko ma'aunin katako na auna kowane reshe inci huɗu daga gindi, na datse. Har daɗi na ji da na ga sun yi daidai.

Ina cikin tattara rassan Coral ta shigo da mota. Ta fito ta tsaya, ta dafe kai.

Ta ce, "Athol, wace saniya ce ta shigo nan?"

Na ce babu saniya, umarnin yayarki ne. Na miƙa mata wasiƙar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Kai, sakarai! Bakin za ka rage, bakin! Aski aka ce ka yi masa, ka sare kai."

Na ce to a mayar mana. Ta ce in kawo allura da zare.

Ga wasiƙar taki na sa miki a ciki, na ja layi a wurin. Ba don in ce laifinki ba ne. Duk mai hankali zai buga waya ya tambaya.

Abin da ya rage a gangar kututture goma sha huɗu ne, babu ganye ko ɗaya. Na lissafa cewa in kin kai Afrilu, wataƙila ya yi toho ya rufe kafin ki gani. Shi ya sa na ce ki zauna. Na roƙi Coral ta yi shiru, ta ce sati biyu za ta ba ni, ga shi ta ba ni biyar. Wayar kuma ina jin ta. Ina zaune a gabanta duka Lahadin biyu. Na san in na ji muryarki zan faɗa.

Rassan ban zubar ba. Na tuna yadda kike yi. Na yanka su guntu-guntu, na zage ganyen ƙasa, na soka su cikin yashin rafi a tsofaffin akwatunan tuffa, na kifa musu kwalaben zuma da na jam, duk wanda na samu a gidan. Suna bayan rumfar tatsa inda rana ba ta kaiwa. Sittin da uku ne. Wasu sun yi baƙi. Ban san ko daidai na yi ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Gidan bai yi min daɗi shiru ba. Ina cin abinci a tsaye a bakin tukunya don kada in zauna a teburin nan. Ban iya irin wannan rubutun ba, kin sani.

Athol

Monbulk, 1 ga Disamba

Athol,

Na gode Allah da kana lafiya. Ni ma haka.

Na karanta a ɗakin dashe. Na fita bayan tankin ruwa na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ci gaba da aiki. Shekara tara nake juya gangar nan kowane wata don ya yi zagaye daidai.

Da rana na ba matar Mista Boersma tsohuwar wasiƙata, ban gaya mata komai ba, na ce ta karanta layin ta nuna min da hannu abin da za ta yi. Ta nuna inci huɗu daga ƙasa. To wannan rabin nawa ne, na ɗauka. Cikin fushi na rubuta, ban sake dubawa ba.

Sauran rabin naka ne, kuma ba yankan nake nufi ba. Sati biyar ka bar ni ina lissafin inda zan zauna in na tsufa, kai kana zaune kana kallon waya tana ƙara. A kan itace, Athol! Ka ɗauka na fi son sa a kanka ne? Wannan ban huce ba, kuma ba zan ce na huce ba don in faranta maka.

Na gaya wa Mista Boersma. Ya ce holi yana da taurin rai, yakan fito daga tsohon kututture. Amma abin da yake son gani shi ne siffar, kuma siffar ta tafi. Ko tohon ya zo da farin gefe, sai an yi shekara shida ko bakwai kafin a tabbatar gajere ne. Ya ce, "Shekarata sittin da tara, Valmai. Wani zai sayar da shi, ba ni ba." Wannan maganar ta wuce ke nan.

Ni ma akwai abin da ban faɗa maka ba. Tun ranar da ya yi min tayin nake son in zauna. Na ce masa ina da gida, amma na kwana ina jin haushin gidan. Da wasiƙarka ta zo ta yi min ciwo, ta kuma ba ni hujja. Ina son aikin nan. Ban taɓa yin abin da aka ce na fi kowa iyawa ba sai a nan. Zan kai Afrilu. Bayan Afrilu zan dawo, amma ba zan koma bayan shanu kaɗai ba. Ina son filin da ke gefen tsohon garejin, da ruwa, da rumfa. Ka fara tunani.

Yanzu ga aiki, kuma na karanta shi sau uku kafin in rufe. Kututturen: duk tohon da ya buɗe ganye kore zalla, ka murje shi da babban yatsa. Wanda ya zo da fari a gefe, ka bar shi. In kana shakka, ka bar shi ka rubuto. Na cikin yashi: ka cire waɗanda suka yi baƙi ka ƙona. Ka ɗaga kwalaben kowace safiya su sha iska. Yashin ya zama da danshi, kada ya jiƙe sharkaf. Kada ka ja su don ka ga ko sun yi saiwa. Na san ka.

Ba lokacin dashe ba ne, da ni ce da ban gwada ba. Amma inuwar bayan rumfa daidai ce. Ashe kana kallo duk shekarun nan.

Valmai

Ringarooma, 7 ga Janairu, 1979

Val,

Gaisuwa. Ina lafiya, an gama yankan ciyawa, ta shiga rumbu a bushe. Na ci Kirsimeti a gidan Coral. Ta sa min ganyen holi a kan faranti, kowa ya yi dariya, na bar su.

Kututturen ya yi toho goma sha ɗaya. Tara kore ne, na murje. Biyu suna da farin gefe, ƙanana, a gefen da ke kallon rana. Na kewaye gangar da waya saboda zomaye.

Na yashi saura goma sha bakwai. Ban ja ko ɗaya ba. Kare ne ya bi ɓera ya kifar da akwati guda, da na zo gyarawa na ga biyu da farar saiwa kamar tsawon farce. Na mayar da su a hankali.

Na auna gefen gareji. Taku ashirin da biyu ne a tsaye, tara a kwance. Bututun ruwa zai kai.

Merv mijin Coral ya yarda zai yi min tatsa kwana huɗu. Na yanki tikitin jirgi na ranar sha tara. Akwatunan nan sun fi ƙarfina, gara su zo hannunki. Kuma akwai maganar da ba ta wasiƙa ba ce. In ba kya so in zo, ki buga waya. Zan ɗauka.

Athol

Monbulk, 12 ga Janairu

Athol,

Lafiyata ƙalau. Ka zo.

Ka haɗa su duka sha bakwai a akwati ɗaya da yashinsu, ka cusa jiƙaƙƙiyar jarida a tsakani don kada su motsa, ka rufe da buhu. Kada ka ba ma'aikatan kaya, ka shiga da su ɗakinka. Ka ci busasshen biskit kafin jirgi ya tashi, ka kwanta, kada ka hau sama kallon ruwa.

Ka sa rigarka mai ruwan toka, ba ta jana'iza ba. Tsohuwar gidanmu ta ce za ta ba mu babban ɗaki, ta tambaye ni ko kana minshari, na ce ta shirya.

Zan kasance a bakin jirgi tun ƙarfe bakwai. Har yanzu ina da sauran faɗan da zan yi maka, na fi so in yi shi ina kallonka.

Taka,
Valmai